Yadda na yi dillancin ɗan ƙwallon Italiya a Guangzhou

Shekarun baya, can ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da kasuwar Bangkok ta juya mana baya muka kwaso jakunkunanmu muka nufo Guangzhou ta ƙasar China, na taɓa tsoma baki a rayuwar wani Bature ɗan Italiya. Ban tsoma da mugunta ba, Allah ya sani. Amma na tsoma, kuma har yau in na tuna sai in yi dariya, in ta ƙare kuma in yi shiru.

A lokacin mu baƙaƙen fata ba mu da yawa a Dengfeng, unguwar da muke sauka. In ka tsaya bakin titi ka yi atishawa, duk Bahaushen da ke garin zai ji ya yi maka addu'a. Sana'ata kayan wasanni ce: takalman ƙwallo, jesi, ƙwallaye, in loda in aika Kano. Sinancin da na iya kuwa kalma huɗu ne cif, nihaw ta gaisuwa, shishe ta godiya, lawban wato maigida, sai meyo wato babu. Da waɗannan huɗun na cika kwantena ba adadi, sauran zancen hannu da gira suke ƙarasawa.

Wata rana da hantsi ina kasuwar Liwan, na riƙe wani takalmin ƙwallo ina jujjuya shi kamar na san abin da nake dubawa, sai wani Bature ya miƙo hannu ya karɓe shi ba sallama. Dogo ne, hancinsa ya karkace gefe guda kamar yana leƙen wani abu a bayan kwana. Ya lanƙwasa takalmin, ya danna ƙasansa da babban yatsa, ya maido mini.

Ya ce, "Wasa biyu. A na uku ƙasan zai tafi gida ya bar ka a fili."

Mai shagon ya taso yana zuba Sinanci, ni kuma na ce masa meyo, meyo, na ja Bature muka fita. Turancina gurgu ne, nasa ma haka, in aka haɗa su biyun da ƙyar za a samu na ɗan aji uku. Amma mun fahimci juna. Na kai shi wajen wani Basine Musulmi mai taliyar hannu, muka zauna, ya ba ni labarinsa.

Ɗan ƙwallo ne, na sana'a. Da na ji haka sai da cokali ya kusa faɗuwa daga hannuna, don a lokacin ƙwallon Italiya ita ce ƙwallo, ita muke kallo a Kano kamar za mu shige cikin talabijin. Na fara jero masa manyan kulob-kulob ina tambayar wanne ya buga wa. Yana girgiza kai, ina jerowa, yana girgizawa, har na ƙare.

Ya ce, "Alaji," don bakinsa ba ya iya fitar da ha ɗin, "ba ka taɓa ganina ba. Uwata ma ba ta taɓa ganina a talabijin ba."

Shekara goma sha biyar ya yi yana bugawa a rukuni na uku da na huɗu. Kulob tara ya zaga, a garuruwan da ya ce ko ɗan Italiya sai ya tambayi direba. Filin wani kulob ɗin ma jikin maƙabarta yake, in ƙwallo ta tsallake katanga sai an nemi izinin mai gadi. 'Yan kallo ɗari biyar ne ko shida, rabinsu kuma sun zo ne don su zagi mahaifiyarka. Ɗan baya ne, lamba biyar. An karya masa hanci sau biyu, an yi masa aiki a gwiwa. Na tambaye shi ƙwallo nawa ya ci a duk shekarun nan. Ya ɗaga yatsu huɗu, ya yi ɗan tunani, ya naɗe guda ɗaya.

Ya ce, "Wannan a ragarmu na ci."

Shekarunsa talatin da huɗu. Wani ejan ne ya yaudaro shi da cewa akwai kulob a China da ke jiransa, da ya sauka ya tarar sun riga sun ɗauki wani, ejan kuma ya daina ɗaga waya. Saura kwana tara bizarsa ta ƙare. A gida surukinsa yana da shagon tayil, ya daɗe yana ajiye masa kujera a ciki. In ya koma ba kulob, ƙwallo ta ƙare ke nan, don ba mai sake ɗaukar ɗan talatin da huɗu mai ɗinkakkiyar gwiwa. Bai nemi arziki ba. Kakar wasa ɗaya yake so ya ƙara bugawa, ya ajiye takalmi da hannunsa, ba a ƙwace masa ba.

To ni jinin dillanci gare ni. Mahaifina dillalin shanu ne, a kara na tashi ina jin yadda ake yi. Ƙa'idar gidanmu guda biyu ce. Ta farko, mai kaya ba ya magana, dillali ke magana. Ta biyu, ba a faɗin kaya yadda yake, sai an ɗaga shi. Kuma wannan ba ƙarya ba ce a wajenmu, don mai saye ya san aikin. In mahaifina ya ce wannan sa zai iya jan tirela, mai saye ya san ana nufin yana iya tashi tsaye da kansa. Kai ka ɗaga, shi ya zubar da rabi, ku haɗu a tsakiya, kowa ya tafi da mutuncinsa.

Na bugi ƙirji na ce, "Bature, ka kwantar da hankalinka. Ka faɗo hannun ɗan gado."

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne mai masana'antar da nake sayen takalma a wajensa. Na taɓa ganin hoton wani kulob a bangon ofishinsa, aka ce mini ƙanin matarsa babba ne a cikinsa, kulob ne na rukuni na biyu a nan kusa da gari. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Huaisheng na tare abokina, wani ɗan zangon Kumasi mai harkar lodin kaya. Shi karatu ya fara kawo shi ƙasar, Sinanci yana zuba a bakinsa kamar famfo ya fashe. Na faɗa masa buƙata.

Ya ce, "Alhaji, kai da ƙwallo kuma? Wannan tumbin naka ne za ya buga?"

Na ce, "Tumbina koci ne. Kai dai zo ka yi mini tafinta."

Washegari muka je ofishin lawban mu uku. A hanya na gargaɗi Bature, na ce kai dai ka zauna ka riƙa gyaɗa kai, kada ka ce uffan, haka ake yi. Aka zuba mana shayi a 'yan kofunan nan da ba su kai maƙogwaro ba. Na gyara zama, na fara da Hausa, abokina yana juyawa zuwa Sinanci.

Na ce wannan da kake gani, a Italiya ba a saka shi a lissafin mutane, a lissafin bala'i ake saka shi. Na ce ya buga a manyan filaye. Na ce shekarunsa talatin ba ɗaya. Da na zo kan matsayinsa sai na tsaya. Na san Sinawa ba za su kawo baƙo daga wata duniya don ya tsaya a baya yana share ƙwallo ba, mai ci suke so. Sai na ce yana buga baya, amma in ya ga dama yana hawa gaba ya ci da ka. Ai ya taɓa ci, ban ƙirƙira ba.

Abin da ban sani ba shi ne, abokina ma ɗan kasuwa ne. Ya ɗauka gaskiyar zance tsirara nake ba shi, aikin ɗagawa nasa ne. Duk abin da na ɗora, sai ya ɗora wani a kai. Talatin ba ɗayana ta koma ashirin da bakwai. Manyan filayena suka koma rukuni na ɗaya. Hawa gaban da na ce yana yi jefi-jefi ya koma ɗan gaba tsantsa, wanda gololin Italiya ke mafarkinsa suna firgita. Lawban yana zaro ido, yana duban Bature, Bature kuma yana gyaɗa kai kamar yadda na umarce shi, har da murmushi.

Ni kuwa hankalina kwance. Jira nake lawban ya zubar da rabi, kamar yadda kowane mai saye mai hankali yake yi. Bai zubar da ko ƙwaya ba. Ya haɗiye ta duka, ya ɗauki waya. Kafin shayi ya huce an sa mana ranar gwaji, Laraba da safe.

Ranar Laraba na sha babbar riga, don dillali ba ya zuwa a wulaƙance. Zafin garin nan mai ɗanko ya sa kafin mu isa na jiƙe kamar an tsamo ni daga kogi. Muna sauka daga mota a filin na ga ashe biki aka shirya mana. An ɗaura wani jan ƙyalle mai rubutu daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ga mai hoto da kyamara. Ga wata mata riƙe da furanni. Ga manyan kulob sun jeru da kwat. Aka miƙa wa Bature furanni, aka miƙa masa jesi. Ya buɗe ta. Lamba tara.

Ya dube ni. "Alaji, me ya sa tara?"

Na ce, "Wataƙila ita ce ta rage a wanki."

Bai yi dariya ba. Ya juya wajen abokina ya nuna jan ƙyallen, ya ce a karanta masa. Abokina ya dube ni, na dubi sama. Ya yi gyaran murya ya ce an rubuta barka da zuwa ga gwarzon maciyin ƙwallayen Italiya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza launi uku a jere ba sai ranar. Ya matso daf da ni, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce in faɗa masa duk abin da na gaya musu. Na faɗa. Abokina ma, da yake mai tsoron Allah ne, ya faɗi nasa ƙarin. Nan ne ni ma na fara jin ashirin da bakwai ɗin, na ce, "Kai ɗan zango, ashirin da bakwai? Mutumin da furfura ta fara leƙo masa?" Ya ce, "To ai kai ka ce in gyara zance."

Na kama hannun Bature na ce, "Saurara. Abin ya riga ya faru. Minti arba'in da biyar ne kawai. Ka tsaya a gaba, ka yi ta tsalle, in Allah ya taimaka wata ta bugi wannan hancin naka ta shiga. In an sa hannu a takarda, sai a hankali ka riƙa zamewa baya. Kaka ɗaya kake so, ga ta nan a gabanka."

Wallahi shawarar ba ta da laifi a idona a lokacin. Ya zare hannunsa daga nawa. Ya miƙa mini furannin, ya kama abokina a kafaɗa, ya ja shi har gaban koci, wani tsamurarren dattijo mai usur a wuya. Ya ce wa abokina, "Ka faɗa masa abin da zan faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage. In ka ƙara zan gane a fuskarsa."

Sai ya fara. Ya ce shekarunsa talatin da huɗu. Ya ce bai taɓa taka filin rukuni na ɗaya ba sai da tikiti a hannu. Ya ce shi ɗan baya ne, a rukuni na uku da na huɗu ya yi shekara goma sha biyar. Ya naɗe wandonsa ya nuna ɗinkin gwiwa. Ya ce, "A ƙasarmu yaro dubu ke fara ƙwallo, da ƙyar ɗaya ya ci abinci da ita. Ni na ci, shekara goma sha biyar, ba wanda ya ba ni kyauta. Ba na jin kunyar ko wasa ɗaya daga ciki. Wannan mutumin da ke jikin ƙyalle ban san shi ba, kuma ba zan ari rigarsa ba. In kuna son ganin aikina, ku sa ni a baya, ku kawo wanda ya fi kowa iya ci a cikinku."

Ya ninke jesin nan ya ajiye a kan benci.

Mai hoto ya sauke kyamara. Lawban ya juyo ya dube ni, ni kuma ina tsaye da babbar riga da furanni a hannu kamar ango da amarya ta fasa zuwa. Duk kalmomina huɗu na laluba, ba wadda ta dace, sai na ce masa shishe.

Manyan masu kwat suka fara magana da zafi, biyu ma suka nufi mota. Kocin kuwa ya matso kusa da Bature. Ya daɗe yana duban ɗinkin gwiwar, sannan ya cillo wa Bature wata rigar atisaye mara lamba, ya nuna masa baya, ya busa usur.

Jama'a, na ga ƙwallo a rayuwata, amma ban taɓa ganin an hana mutum shan iska kamar ranar ba. Suna da wani ɗan gaba mai gudu kamar an biyo shi da wuƙa, shi ne abin taƙamarsu. Bature bai bi shi da gudu ba ko sau ɗaya, ina ƙafar? Sai dai duk inda ƙwallo za ta sauka ka tarar ya riga ya isa yana jira, kamar an aiko masa da wasiƙa. In ta zo sama ya sa kai. In ta zo ƙasa ya sa ƙafa. In mutumin ya juya ya ci karo da ƙirji, in ya koma ya ci karo da kafaɗa. Har wani ɗan jan riga yake yi masa ta inda alƙalin wasa ba ya gani, da wani ɗan taka yatsa, cikin ladabi. Yana yi yana daka wa sauran 'yan bayan tsawa da Italiyanci, su kuma ba sa jin ko kalma, amma sai ga su sun jeru kamar sahun sallah. Kafin a tashi ɗan gaban nan ya zauna a ƙasa yana duban takalminsa kamar shi ya yi masa laifi. Ni kuwa ina bakin fili ina ihu da Hausa, "Riƙe shi, Bature! Kada ka bar shi ya gaisa da kowa!" Furannin nan sai da na kakkaɓe su tas a jikin ƙarfe.

Da aka busa tashi, kocin ya kira mu. Ya yi magana a hankali, abokina yana juyawa, wannan karon ba ƙari. Ya ce mutumin nan ya san aikinsa, ya fi duk 'yan bayansa sanin inda ake tsayawa. Amma gurbin baƙo ɗaya ya rage musu, kuma masu kulob mai ci suke nema, ba zai iya ba. Sai ya juyo gare ni. Ya ce da tun ranar Asabar kun faɗi cewa ɗan baya ne, akwai abokinsa koci a wani lardi da yake neman irinsa ido rufe, mai shekaru, mai iya tsara baya. Jiya Talata ya ɗauki wani, don an kusa rufe rajista.

Abokina ya gama fassara ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji kamar a tsaga filin in shige.

Muka shiga mota muka dawo gari. Da muka sauka a Dengfeng na tsaya gabansa na ce, "Bature, na kashe maka kaka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana dubana, gumi yana bin karkataccen hancin. Ya ce, "Ka kashe, Alaji. Kai jaki ne." Sai kuma kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa. "Amma ka ga fuskar ɗan gaban nan? Yau ko a mafarki ba zai ci ba."

Na ce, "Da ka bi shawarata da yanzu wataƙila ana sa hannu."

Ya ce, "Da wani ne zai sa hannu, ba ni ba. A lamba biyar na shiga ƙwallo, a lamba biyar na fita. Je ka sayo mini taliya."

Mun gwada wasu ƙofofi biyu a kwanakin da suka rage, da gaskiya tsirara wannan karon, ba wadda ta buɗe. Ranar da bizarsa ta cika na raka shi filin jirgi. Waɗannan minti arba'in da biyar su ne na ƙarshe da ya buga a matsayin ɗan ƙwallon sana'a, ba 'yan kallo, ba lamba a bayansa. Bayan wata shida wasiƙa ta zo mini da hoto a ciki. Yana tsaye a ƙofar shagon tayil, hannu a ƙugu, ya ɗaga haɓa kamar shi ya ci kofin duniya. Lawban kuwa sai da ya yi wata uku yana ce mini meyo a kan duk abin da na tambaya, har ruwan sha.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ban daina dillanci ba, kuma ban yarda cewa sana'ar mahaifina ƙarya ce ba, a kasuwar da kowa ya san ƙa'ida. Kuskurena shi ne na ɗauki ƙa'idar kara na kai ta inda ba a san ta ba. Wanda ya fi wannan muni kuma, na ɗaga mutumin ne don a can ƙasan raina ina ganin yadda yake bai isa ba. Ina jin masa kunyar rukuni na huɗu, alhali shi ko a jikinsa. Shekara goma sha biyar yana tashi da ciwon jiki, yana shiga motar haya zuwa garin da ba wanda ya sani, ana zaginsa, yana tare 'yan gaba, yana ciyar da iyalinsa da ƙafarsa. Me ke cikin wannan da yake buƙatar in yi masa kwalliya?

Shi ya sa har gobe ba a raina ƙaramin ɗan wasa a gabana in yi shiru. Kwanan baya a majalisarmu ina ba da labarin nan, sai wani mai jesin babban kulob, tumbinsa ya ma fi nawa, ya taɓe baki ya ce, "Haba Alhaji, duk wannan kirarin a kan ɗan rukuni na huɗu? Wa ya san shi?"

Na ajiye kofin shayina na dube shi daga sama har ƙasa.

Na ce, "Malam, kai a rukuni na nawa ka buga?"